Bayani Kan Yadda Ake Cajin Batirin Litiyam Da Amfani Da Shi A Ƙananan Na'urorin Da Ake Haɗawa A Gida

A 'yan shekarun nan, duk wanda ke zagaya ƙauyuka da kasuwannin mako-mako zai lura da yadda matasa suka duƙufa wajen haɗa ƙananan na'urori da hannunsu. Wani ya haɗa fanka da murfin bokiti da injin tsohon rediyon kaset, wani ya jera ƙananan ƙwayayen fitila a cikin gwangwani ya rataya wa mai shayi, wani kuma ya ƙera motar wasa da kwali wadda ke tafiya da kanta. Kusan dukkan waɗannan na'urori abu guda ne ke ba su wuta, wato batirin litiyam mai caji, wanda akasari ake ciro shi daga mataccen batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, ko tsohuwar wayar salula, ko fitilar sola da ta lalace.

Wannan hazaƙa abar yabawa ce, musamman a yankunan da wutar lantarki ba ta isa ba, ko kuma take zuwa jifa-jifa. Sai dai batirin litiyam ya sha bamban da batirin tocila da jama'a suka saba da shi tun zamanin da. Yana da ƙa'idojin da idan aka keta su zai iya kumbura, ya fashe, ya tashi da wuta, kuma a gidajen da ke da danga da rufin ciyawa da rumbuna kusa da ɗakin kwana, ƙaramar wuta ba ta daɗewa tana ƙarama. Maƙasudin wannan bayani shi ne wayar da kan jama'a, iyaye da malaman makaranta da masu shagunan caji da kuma jami'an ƙananan hukumomi, game da waɗannan ƙa'idoji, domin a ci moriyar fasahar ba tare da asarar dukiya ko rai ba.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne wani bajekolin fasahar ɗalibai da aiki ya kai ni a wata ƙaramar hukuma. A nan na tarar da wani yaro da bai wuce shekara 14 ba, ya haɗa fanka mai kyau ƙwarai. Da na tambaye shi yadda yake yi mata caji, sai ya nuna mini cajar wayar salula da ya yanke kanta, ya feɗe wayoyin biyu ya liƙa su kai tsaye a jikin batirin da salatif. Ya ce idan ya ji batirin ya yi zafi sosai, to ya san ya cika. Malaminsa yana tsaye a wurin, kuma bai ga wani aibu a cikin haka ba. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, domin babu wanda ya taɓa yi musu bayani.

Asalin batirin da abin da ke cikinsa

Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara fitar da wannan nau'in batir kasuwa a shekarar 1991, kuma a shekarar 2019 aka bai wa masana uku da suka aza harsashinsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai. Ma'adinin litiyam ɗin kansa akwai shi a ƙasar nan, har ma an ƙaddamar da masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a shekarar 2024, amma baturan da ke hannun jama'a shigo da su ake yi daga waje.

Wanda aka fi gani shi ne mai siffar gora da ake kira 18650. Sunan daga awonsa ya samo asali, domin faɗinsa milimita 18 ne, tsawonsa kuma milimita 65. Akwai kuma mai fale-fale irin na wayar salula, kamar BL-5C da aka san shi a wayoyin Nokia, wanda har yanzu ake samu a ƙananan rediyoyi, sai kuma mai laushi da ke cikin leda mai ruwan azurfa.

A cikin kowannensu akwai shafuka biyu da aka naɗe tare kamar tabarma, an raba tsakaninsu da wata leda wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, sannan aka jiƙa su da wani ruwan sinadari mai kamawa da wuta. Wannan shi ne babban bambancinsa da batirin mota, wanda ruwansa ke ƙona fata amma ba ya ci da wuta. Muddin siririyar ledar nan tana nan lafiya, batirin yana aikinsa shiru. Idan ta huje ko ta narke, shafukan biyu za su haɗu, duk wutar da ke ajiye ta fita a lokaci guda, zafin ya haifar da wani zafin, har ruwan ya kama. Da zarar abin ya kai nan, ba a iya tsayar da shi da cire waya. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a watan Janairun 2013 an dakatar da tashin jiragen sama ƙirar Boeing 787 saboda matsalar batir, a 2016 kuma kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa baki ɗaya. Idan injiniyoyi masu ɗakunan gwaji sun gamu da haka, ya kamata mai haɗa fanka a zaure ya yi taka-tsantsan.

Iyakoki biyu da ba a ƙetarewa

A jikin batirin za a ga an rubuta bolt 3.7, ko 3.6. Wannan matsakaicin ƙarfinsa ne kawai. Idan ya cika maƙil yana nuna bolt 4.2 a mita, idan kuma ya sauko zuwa bolt 3.0 to ya ƙare, ya kamata a daina jan wuta daga gare shi. Duk rayuwar batirin tsakanin waɗannan lambobi biyu take, kuma duk sauran bayanin da zai biyo baya hanyoyi ne na tsare shi a tsakaninsu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, abin da muke kira caja, wanda ake sokawa a bango, ba shi ne ke lura da cikar batirin waya ba. Aikinsa kawai ya mayar da wutar gida zuwa bolt 5. A cikin wayar salular kanta ne ake da wani ɗan ƙaramin sashe da ke auna batirin, ya rage wutar idan ya kusa cika, ya datse ta idan ya cika. Saboda haka wanda ya yanke kan caja ya haɗa da batir kai tsaye, ya cire mai gadin ne ya bar ƙofa a buɗe. Cajar za ta ci gaba da tura wuta tana neman kai batirin bolt 5, alhali iyakarsa 4.2. Wannan ratar ta ƙasa da bolt ɗaya tana iya zama abin rainawa a ido, amma ita ce ke sa ƙarfen litiyam ya taru a cikin batirin kamar ƙayoyi masu iya huda ledar tsakiya, kuma ita ce ke haifar da iskar da ke kumbura shi. Zafin da yaron nan yake ɗauka alamar cika, alamar lalacewa ce.

Iyakar ƙasa ita ma tana da nata haɗarin, duk da cewa ba a ganinsa nan take. Idan aka bar fitila a kunne har batirin ya tsotse ƙarƙaf, ya sauka ƙasa da bolt 2.5, sinadaran cikinsa suna fara lalacewa. Idan ya kai ƙasa da bolt 2 ya kuma daɗe a haka, tagullar da ke cikinsa tana narkewa, sannan ta sake daskarewa a inda bai kamata ba a ranar da aka mayar da shi caji. Wannan ne ya sa dabarar nan ta tayar da mataccen batir ta hanyar dangwala shi da batirin babur take da matuƙar haɗari. Yana iya farfaɗowa ya yi aiki na mako biyu, sannan wata rana ya kama da wuta a tsakiyar dare.

Allon caji

Maganin wannan duka wani ɗan allo ne da bai kai ɗan yatsa tsawo ba, mai suna TP4056, wanda ake samu a wajen masu sayar da kayan gyaran waya da rediyo a manyan kasuwanni, kuma yana daga cikin kaya mafi araha a shagon. Ana soka masa cajar waya ta bolt 5 a gefe guda, a haɗa batirin a ɗaya gefen. Yadda yake aiki ya yi kama da yadda mace ke cika tulu a bakin rijiya: da fari tana kwarara ruwan da ƙarfi, idan ya kusa baki sai ta sassauta, tana zubawa kaɗan-kaɗan har ya cika ba tare da ya zube ba. Allon yana tura wuta daidai gwargwado har batirin ya kai bolt 4.2, sai ya tsayar da shi a nan yayin da wutar da ke shiga take raguwa, idan ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma na yadda ta fara sai ya datse. Jar fitila tana nuna ana caji, shuɗiya ko koriya tana nuna an gama.

Ya kamata mai saye ya san cewa allon iri biyu ne, kuma sun yi kama da juna ƙwarai. Na farko yana da wurin liƙa waya biyu ne kacal a gefen batir, masu alamar B+ da B-. Wannan caji kawai yake yi, ba ya hana batir tsotsewa. Na biyu yana da wurare huɗu, wato B+ da B- da kuma OUT+ da OUT-, sannan yana ɗauke da ƙarin ƙananan aisi guda biyu, DW01A da 8205A, waɗanda ke datse wuta idan batirin ya yi ƙasa sosai ko kuma wayoyi suka haɗu. Shi ne ya kamata a saya. Batiri yana hawa kan B, fanka ko fitila kuma tana hawa kan OUT. Wanda ya haɗa fitilarsa kai tsaye a jikin batirin ya zagaye kariyar, tamkar bai sa ta ba. A kuma lura da kyau kafin a liƙa, domin idan aka juya kan batirin, aka kai mai alamar tarawa wurin mai alamar ɗebewa, allon yana ƙonewa cikin ƙiftawar ido.

Akwai wani abu da ko masu gyara ba kasafai suke kula da shi ba. Allon yana fitowa daga masana'anta a saite kan amfiya 1, wato mA 1,000. Wannan ya dace da batirin 18650 mai ɗaukar mAh 2,000 zuwa sama, wanda zai cika cikin kimanin awa 3 zuwa 4. Amma ƙa'idar da ta fi aminci ita ce kada wutar caji ta wuce rabin lambar da batirin ke ɗauka. Ke nan ƙaramin batir mai laushi na mAh 300, irin wanda yara ke cirowa daga abin sauraron kiɗa na kunne ko ƙaramar motar wasa, bai kamata a ba shi fiye da mA 150 ba. Idan aka ɗora shi a kan allon yadda yake, an ɗura masa fiye da ninki shida na abin da ya dace. Gyaran yana wajen wata 'yar resista da ke kan allon mai lamba 122. Idan mai gyaran waya ya cire ta ya sa mai lamba 103, wutar za ta sauko zuwa kimanin mA 130. Aikin minti biyu ne ga wanda hannunsa ya faɗa.

Haka nan kuma, allon da kansa yana yin ɗumi a lokacin caji, domin rarar wutar da ke tsakanin bolt 5 da ƙarfin batirin a jikinsa take ƙonewa. Wannan ba matsala ba ce, amma dalili ne na kada a naɗe allon da batirin wuri guda da salatif. A bar tazara a tsakaninsu. Batirin kansa bai kamata ya wuce ɗumi kaɗan ba.

Shin ana iya kunna na'ura alhali tana caji? Da wannan allon, gara a kashe ta. Dalili kuwa shi ne, allon yana gane cika ne ta hanyar ganin wutar da ke fita daga gare shi ta ragu, idan kuma fanka tana jan wuta a lokacin, ba zai taɓa ganin raguwar ba, sai ya riƙe batirin a bolt 4.2 na tsawon sa'o'i, abin da ke saurin tsufar da shi. Makunni guda a kan wayar OUT+ ya wadatar.

Lissafin tsawon lokacin aiki

Lambar mAh tana nuna yawan wutar da batirin ke iya ajiyewa. Idan batiri yana ɗaukar mAh 2,500, fitila kuma tana jan mA 250, a lissafi zai yi awa 10, a aikace kuma a sa ran awa 8 ko 9. Amma na'urori da dama, kamar fankar USB, bolt 5 suke buƙata, don haka sai an sa wani allon mai ɗaga wuta, irin su MT3608, wanda ake murɗa ɗan sukurun da ke kansa ana duba mita har ya tsaya a kan 5 kafin a haɗa komai. A nan lissafi yana canzawa. Batirin mAh 2,500 a kan bolt 3.7 yana ɗauke da wutar da ta kai wat 9 da ɗoriya na awa guda. Fankar da ke jan rabin amfiya a kan bolt 5 tana cin wat 2.5, allon ɗaga wutar kuma yana cin nasa kason, saboda haka awa 3 da 'yan mintoci za a samu. Wannan lissafin ne kuma ke bayyana abin da jama'a ke yawan ƙorafi a kai, cewa fawa bank mai mAh 10,000 ba ya cika waya mai mAh 5,000 sau biyu. Ko na ainihi ne ba zai yi ba, domin ana asarar wani kaso a wajen ɗaga wutar da kuma sake sauke ta a cikin wayar.

Haɗa batura fiye da ɗaya

Hanya biyu ce. Idan aka jera su kafaɗa da kafaɗa, kai da kai, gindi da gindi, ƙarfin yana nan a bolt 3.7 amma lokacin aiki yana ninkuwa, kuma allo guda zai iya yi musu caji, sai dai zai ɗauki lokaci mai tsawo. Sharaɗin shi ne a auna kowanne da mita kafin a haɗa, a tabbatar bambancinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na bolt ba. Idan aka haɗa cikakke da wanda ya ƙare, cikakken zai kwarara wuta cikin ɗan'uwansa ba tare da wani birki ba, har waya ta yi ja.

Idan kuwa aka jera su kai da gindi kamar yadda ake yi a tocila, ƙarfin ne ke ƙaruwa: biyu suna ba da bolt 8.4 idan sun cika, uku kuma 12.6. A nan TP4056 ba shi da amfani ko kaɗan. Ana buƙatar allon da ake kira BMS wanda aka yi daidai da adadin baturan, mai alamar 2S ko 3S, tare da caja mai daidai wannan ƙarfin. Aikin BMS shi ne lura da kowane batir shi kaɗai, domin a cikin jerin uku ɗaya yana iya haura 4.2 alhali jimillar ba ta kai 12.6 ba. Shawarata ga masu koyo ita ce su tsaya kan batir ɗaya ko na kafaɗa da kafaɗa har sai hannunsu ya ƙware. Kuma a kowane hali, kada a gauraya sabo da tsoho, ko masu lambobi daban-daban.

Akwai kuma wani ɗan'uwan wannan batir da ake rubuta wa LiFePO4 ko bolt 3.2 a jiki, wanda ya yawaita a fitilun sola na kan titi da manyan baturan gida. Ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, amma iyakarsa bolt 3.65 ce, don haka TP4056 zai wuce da shi. A karanta jikin batir kafin a ɗora shi. Su kuma ƙananan nan masu kama da kwabo, irin su CR2032 na agogo da makullin mota, ba a yi musu caji sam, kuma a nisanta su daga ƙananan yara, domin haɗiye su yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i kaɗan. Duk yaron da ake zaton ya haɗiye, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran alama ba.

Game da sola, ƙaramin faranti mai bolt 5 ko 6 yana iya ciyar da allon caji kai tsaye. Amma farantin da aka rubuta wa bolt 12 yana fitar da kusan 20 a tsakar rana, allon kuma ba ya jure fiye da 8. Haka batirin babur ko na mota. Dole a sa abin rage wuta zuwa bolt 5 a tsakani, kuma cajar mota mai ramin USB tana iya yin wannan aiki. Faranti ne ke son rana, batir da allonsa a ja musu waya zuwa inuwa.

Na jabu da na gwangwan

Batirin 18650 na ainihi daga manyan kamfanoni irin su Samsung da LG da Panasonic bai wuce kimanin mAh 3,500 ba. Saboda haka duk wanda aka rubuta wa 6,800 ko 9,900, ƙarya ce tsagwaronta, kuma sau da yawa irin waɗannan ko 1,000 ba sa kaiwa. Nauyi ma yana tona asiri: na ainihi yana kai kimanin giram 45, na jabu kuwa da an ɗaga za a ji shi sakayau. Abin mamaki, tsohon batir na ainihi da aka ciro daga kwamfuta sau da yawa ya fi sabon na jabu mai ƙyalli.

Amma na gwangwan sai an tantance. A auna kowanne da mita, duk wanda ke ƙasa da bolt 2 a ware shi. A ware mai tsatsa, da mai lotsawa, da mai ɗigar ruwa ko wari mai zaƙi-zaƙi, da mai laushin da ya kumbura kamar fanke. Sauran a yi musu caji ɗaya bayan ɗaya ana kusa, ana taɓawa lokaci-lokaci, wanda ya yi zafi a cire shi. Daga nan a ajiye su mako guda ko biyu a sake aunawa. Lafiyayye zai tsaya kusa da 4.1 zuwa sama, wanda ya zube ƙasa da 4.0 shi kaɗai ba tare da an yi aiki da shi ba yana yoyo ta ciki, ba abin amfani ba ne.

A kula da rigar ledar da ke jikin batirin, domin ba ado ba ce. Gaba ɗaya gwangwanin batirin ɓangaren ɗebewa ne, kuma a wajen kai tazarar da ke tsakaninsa da ɓangaren tarawa 'yar kaɗan ce. Idan rigar ta yage a wurin, ƙusa ko guntun waya ya isa ya haɗa su. Saboda wannan dalilin ne ba a jefa batir tsirara a aljihu tare da makullai ko tsabar kuɗi. Bugu da ƙari, liƙa waya da dalma kai tsaye a kan batir yana shigar da zafi har cikin ledar tsakiya. Ya fi kyau a sayi gidan batir na roba mai sifirin, a yi liƙin a jikin gidan.

Zafin bazara

Masana'antun sun ƙayyade cewa a yi cajin wannan batir tsakanin digiri 0 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas. A yankinmu, daga watan Maris zuwa Mayu, zafin inuwa kansa yana haura digiri 40 a ranaku da yawa, cikin shagon kwano ko kwantena kuwa da rana tsaka ya fi haka nesa ba kusa ba. Ke nan abin da littafin masana'anta ya ɗauka a matsayin iyaka, a wajenmu yanayin yau da kullum ne na wata uku. Wannan batu ya fi shafar masu sana'ar cajin waya, waɗanda ke tara wayoyi da fitilu da fawa bank da dama a kan katako guda, janareta yana ruri a gefe, galan ɗin fetur kuma yana ƙarƙashin tebur. A irin wannan lokaci ya fi dacewa a karkata caji zuwa safiya da yamma, a buɗe iska, a raba kayan kada su hau kan juna, a kuma fitar da fetur daga shagon.

A gida, a yi caji a kan siminti ko dandaɓar ƙasa ko cikin tsohon kwanon ƙarfe marar murfi, nesa da katifa da gidan sauro da tufafi, kuma ba a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita ba. Na'urar da aka haɗa da hannu kada a bar ta a caji a kwanta barci ko a tafi gona. Batirin da ba za a yi amfani da shi ba na wasu watanni, a ajiye shi da rabin caji, wajen bolt 3.7 zuwa 3.8, a wuri mai sanyi. Wanda aka kula da shi haka yana yin caji sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Maniyyata aikin Hajji da sauran matafiya ta jirgin sama su ma su sani cewa fawa bank da batura a jakar hannu ake riƙe su, ba a sa su cikin kayan da ake aunawa.

Idan batir ya fara huci, ko hayaƙi, ko wata ƙara kamar tsaki, a zare caja daga bango idan hakan zai yiwu ba tare da kusantarsa ba, a fitar da yara, kada kuma a ɗauke shi da hannu. Idan da hali a ture shi waje da shebur zuwa fili. Hayaƙinsa guba ne, kada a tsaya ta inda iska ke kaɗa shi. Ga ƙaramin batir, bayan an raba shi da wutar bango, ruwa mai yawa yana sanyaya shi ya kuma hana na kusa da shi kamawa, yashi kuma yana hana wutar yaɗuwa. Yana iya sake tashi bayan an ɗauka ya mutu, saboda haka a bar shi a fili har kwana guda. Inda lambar gaggawa ta 112 ke aiki, a kira ta idan wutar ta kama wani abu.

Kira ga shugabanni da jami'ai

Ana kira ga shugabannin makarantu da malaman kimiyya da su sanya sharaɗi a duk wani bajekoli ko aikin ɗalibai, cewa ba za a karɓi na'ura mai batirin litiyam ba sai an ga allon caji mai kariya a jikinta, kuma makaranta ta mallaki mita ko da guda ɗaya ce, a koya wa yara karanta ta. Hana yara wannan sana'a ba shi ne mafita ba, domin za su koma yi a ɓoye cikin ɗaki, inda haɗarin ya fi yawa. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin masu caji za su iya tabbatar da cewa kowane shago yana da bokitin yashi. Hakimai da dagatai da masu unguwanni kuwa, su ne suka fi kowa sanin gidajen da matasa ke wannan aiki, kuma jan hankali daga bakinsu ya fi takarda tasiri.

Saura batun matattun batura, wanda ya rataya a wuyan jami'an duba-gari da sassan kula da muhalli na ƙananan hukumomi. A al'adance bola ƙona ta ake yi, tokarta kuma a kwashe a kai gona a matsayin taki. Batirin litiyam da ya shiga wutar bola yana fashewa ya yi tsalle kamar harsashi, sau da yawa a daidai lokacin da yara ke tsaye a gefe, abin da ya rage na sinadaransa kuma ya bi taki zuwa gona. Kada a jefa shi a bola ko masai ko rijiyar da ta mutu, kada kuma a bar yara ko 'yan gwangwan su fasa shi da guduma don neman tagulla. A liƙe kawunansa biyu da salatif, a tara su cikin gwangwanin ƙarfe mai yashi a inuwa, nesa da ɗakin kwana. Zai taimaka ƙwarai idan kowace ƙaramar hukuma ta keɓe wuri guda a sakatariya ko a babbar kasuwa inda jama'a za su riƙa kai su, sannan ta tuntuɓi ma'aikatar muhalli ta jiha ko ofishin hukumar NESREA mafi kusa domin sanin masu izinin kwashe irin wannan shara.